Waya Ta Ƙi Waya

Shimfiɗa

Lokacin da Bahaushe ya fara ganin tarho a ofisoshin En'e da tashoshin jirgin ƙasa, bai wahalar da kansa wajen nema masa suna ba. Ya dubi siririn ƙarfen nan da aka ɗaura bisa turaku yana bin gefen dogo daga gari zuwa gari, ya ce ai wannan waya ce, sunan kuwa ya bi abin har yau. Turaku sun faɗi, abin ya ƙanƙance ya shige aljihu, amma har gobe waya muke ce masa. To, ga abin al'ajabi: wannan na'ura da ta ci sunan waya, yau ita ce aka hana ta karɓar waya. 'Yar kafar nan da muke soka iyafis a cikinta mu saurari labaru ko karatu ko kiɗa, manyan kamfanonin duniya sun taru sun toshe ta, suka kuma ce mu yi musu tafi, wai ci gaba ne.

Mu kam ba mu yi tafi ba, kuma a wannan ɗan rubutu za mu faɗi dalili. Matsayinmu a fili yake. Toshe kafar iyafis ƙwace ne da aka yi wa mai saye da rana tsaka, an rage masa kaya an ƙara masa kuɗi, kuma wanda ya fi jin jiki shi ne mutum irin namu, wanda wutar lantarki ba ta ishe shi ba, aljihunsa kuma bai kai na mutumin Kalifoniya nauyi ba. Wani zai ce don me za a ɓata takarda a kan rami wanda faɗinsa bai wuce milimita 3.5 ba? Amsarmu ita ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Asalin Kafar

Kafar nan ba baƙuwa ba ce. Kakarta ta fito ne tun ƙarshen ƙarni na 19 a ɗakunan haɗa layin tarho, inda ma'aikata kan zare tsinken ƙarfe mai kaurin milimita 6.35 daga wannan rami su soka a wancan don su sada mai kira da wanda yake nema. Har yau wannan babban tsinke shi ne makaɗa ke sokawa a jikin garayar bature da injin amsa-kuwwa. Ƙaramar, wato mai milimita 3.5, ta bayyana tare da ƙananan rediyoyin tiransisto a shekarun 1950, sannan ta game duniya bayan da kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman a shekarar 1979.

Darajarta ita ce ba ta da ubangida. Ba wanda ke biyan wani la'ada kafin ya ƙera tsinken da zai shige ta. Iyafis ɗin da aka saya don rakoda mai kaset zai yi aiki a rediyo, ya yi a kwamfuta, ya yi a wayar hannu, ko wane kamfani ya ƙera su, ko a wace shekara. Ba ya cin batir nasa na kansa, ba ya neman a gabatar da shi ga na'ura kafin su gaisa, ba ya bukatar sabunta manhaja. A soka, a ji. A duniyar da kowace caja ke da nata baki, samun abu guda da kowa ya yarda da shi fiye da shekara 50 ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Ranar da Aka Toshe

Ko da yake wasu ƙananan kamfanoni sun riga sun gwada, wanda ya buɗe ƙofar ɓarnar shi ne Apple. A ranar 7 ga Satumba, 2016, a birnin San Faransisko, wani babban jami'in kamfanin mai suna Phil Schiller ya hau dandamali ya gabatar da iPhone 7 ba tare da kafar ba. Da ya zo bayyana dalili sai ya dunƙule shi cikin kalma guda, wai jarumta. A wannan zama ɗin dai, kafin jama'a su watse, aka fito da AirPods, iyafis marar waya, a kan dala 159. Shekara biyu kafin nan kuma, wato a 2014, kamfanin ya sayi Beats, masu ƙera abin saurare, a kan dala biliyan 3. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ya biyo baya ya fi ban takaici. A 2016 Google ya yi tallar wayarsa Pixel yana yi wa Apple shaguɓe, yana alfahari da cewa shi tasa kafar tana nan. Shekara guda tak, a Oktoban 2017, ya fito da Pixel 2 babu kafar, kuma a rana guda ya gabatar da nasa iyafis na bulutut, shi ma a kan dala 159. Samsung ya shafe shekaru yana fitar da tallace-tallacen ba'a ga masu iPhone da 'yan igiyoyinsu na haɗi, sai ga shi a Agustan 2019 ya fito da Galaxy Note 10 a toshe, ya kuma bi dare ya janye waɗancan tallace-tallace. Shi ma ya riga ya sayi kamfanin Harman, mai AKG da JBL, a kan dala biliyan 8, ya kuma fito da Galaxy Buds a farkon wannan shekara ta 2019. Mai karatu ya duba da kyau: duk wanda ya toshe kafar, a ɗaya hannun yana riƙe da abin da zai sayar wa wanda ya toshe wa. In mai rijiya ya cike rijiyar unguwa ranar da ya buɗe shagon sayar da ruwa, ba sai an kira boka ya faɗi niyyarsa ba.

Hujjojinsu a Kan Sikeli

An ce mana an cire kafar ne don ruwa kada ya shiga waya. Wannan magana ba ta tsayuwa. A watan Maris na 2016, wata shida kafin iPhone 7, Samsung ya fito da Galaxy S7 da kafarta a buɗe, kuma an ba ta shaidar jure zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya da rabi har minti 30. Ita kuwa iPhone 7 da aka toshe, shaidarta ta mita ɗaya ce kacal. Wato mai rami ta fi marar rami jure ruwa.

An ce don waya ta ƙara sirancewa. Nan ma lissafi ya ƙi. Kaurin iPhone 7 milimita 7.1 ne, daidai da na iPhone 6s da ta gabace ta, alhali iPhone 6 ta 2014, wadda ke da kafar, kaurinta 6.9 ne. Kamfanin da kansa ya taɓa ƙera iPod touch mai kaurin 6.1 a 2012, da kafarta lafiya lau. Kuma tun daga lokacin wayoyi sai ƙara girma da nauyi suke yi, har wasu sun fi ƙarfin aljihun riga. An sami wurin dasa kyamara uku ko huɗu a bayan waya, wurin rami guda ne ya gagara?

An ce kafar tsohuwa ce. Haƙiƙa tsohuwa ce, kamar yadda allura da cokali da ƙafar keke suke tsofaffi. Da tsohuwar zuma ake magani. In tsufa aibi ne, me ya sa Apple bai toshe ta a kwamfutocinsa na cinya ba, har ma a 2021 ya ƙara mata ƙarfi don ta iya ɗaukar manyan abin saurare na ƙwararru? Me ya sa Sony, bayan ya bi ayari ya cire, ya dawo da ita a babbar wayarsa ta 2020? Sun san amfaninta sarai, sun dai zaɓi wanda za su bar wa ita.

Sai kuma 'yar igiyar haɗi da aka ce ta wadatar. Da farko ana saka ta kyauta cikin kwali, a 2018 aka daina, aka ce a saya. Abu ne ɗan mitsitsi mai saurin ɓata da saurin tsinkewa, kuma idan yana jiki ya tare bakin caja, sai mutum ya zaɓa tsakanin saurare da caji. Waɗanda kuma suka sayi iyafis mai bakin Lightning, da aka ce musu shi ne makoma, sun wayi gari a 2023 iPhone 15 ta koma bakin USB-C, nasu ya zama tarihi cikin shekara bakwai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da Kunne Ke Ji

Mu ɗaliban harshe muna da ƙorafi na musamman. Bulutut, wanda aka fara aikinsa a kamfanin Ericsson na Suwidin a shekarun 1990 aka kuma laƙaba masa sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10, hanya ce ƙunƙuntacciya. Sautin faifan CD yana gudana da kilobit 1,411 a daƙiƙa, amma tsarin da kowane bulutut ya gada ba ya wuce kimanin 328. Don haka dole a matse sauti, a zubar da wani sashe, kafin ya ƙetare. Kamfanin Apple da bakinsa ya amsa a 2021, lokacin da ya fara ba da kiɗa marar tawaya, cewa AirPods ba sa iya isar da shi ta bulutut. Mun yarda cewa a cikin hayaniyar Oshodi ko Dugbe ba kowane kunne zai rarrabe ba. Amma akwai abu biyu da kowa zai ji.

Na farko jinkiri. Matsewa da aikawa da warwarewa suna cin lokaci, sau da yawa kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa. Mai kallon fim wayarsa kan ɓoye masa wannan ta hanyar jinkirta hoto, amma makaɗi da ke son jin kansa yayin da yake bugawa, da mai haɗa sauti, da makaho da ke bin muryar da ke karanta masa allo yana taɓawa yana jira, su babu mai ɓoye musu. Na biyu, da zarar an buɗe makirufon iyafis na bulutut, sai ingancin sauti ya faɗo zuwa irin na kiran tarho. Duk wanda ya taɓa fita neman bayanai, ya zauna gaban tsohuwa tana tatsuniya ko gaban maroƙi yana kirari, ya san abin da wannan ke nufi. Harshenmu harshe ne na karin sauti da tsawon wasali. Tsakanin gari da ake zama a ciki da gari da ake tuƙa tuwo da shi, ɗan jan wasali ne kawai. Tsakanin kafa da ƙafa kuwa, ɗan tsartuwar maƙogwaro ce. Mai nazarin da ke son kama irin waɗannan yana bukatar makirufo mai waya a wuyan rigar mai magana, da iyafis mai waya a kunnensa yana jin abin da ke shiga nan take. Kafar nan ita ta mai da wayar ɗalibi rakoda. Da aka toshe ta, sai ɗalibi ya nemi kuɗin wasu na'urori.

Wuta da Rediyo

Wanda ya zana waya a ƙasar da ba a ɗauke wuta, ba zai ga laifin ƙara wa mutum abin caji ba. Mu kuwa Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati ko kaɗan. Masu ita ma sun ga yadda aka ɗaga kuɗin rukunin farko a Afrilun 2024 daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni, bayan an janye tallafin man fetur a Mayun 2023, abin da ya sa tayar da janareto ya zama sai wane da wane. A Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kai musu wuta. A irin wannan hali, mutumin da ke biyan mai shago kuɗin cajin waya, an ce ya ƙara da cajin kunnen dama da na hagu da akwatinsu. Abu ɗaya ya zama huɗu. Iyafis marar waya, yana sabo ma, awa biyar ko shida yake yi ya mutu. Mai waya kuwa muddin wayar na numfashi shi ma yana yi.

Daɗin daɗawa, akwai maganar rediyo, wadda ita ce ta fi ci mana rai. Bahaushe da rediyo tsohuwar amana ce, tun kafin Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957 har zuwa yau da tashoshin FM suka cika birane. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a mafi yawan wayoyi igiyar iyafis ita ce eriya. Zangon FM yana tsakanin megahaz 87.5 da 108, kuma eriyar da ta dace da shi tsawonta kimanin santimita 75 ne, wanda igiyar iyafis ta cika har da rara. Shi ya sa waya kan ce a soka iyafis kafin rediyo ya buɗe. Idan aka toshe kafar, galibi rediyon ma ya tafi. Sai a ce mana ai ana iya sauraren tashar ta intanet. Da kuɗin wa? Rediyon FM kyauta yake, ba ya cin data, ba ya shan batir sosai, kuma yana aiki ranar da layin sadarwa ya ɗauke. A 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. A irin wannan rana, abin da ke zuwa ta iska kyauta shi ne kaɗai ke isa kunnen talaka. Maigadin da ke kwana a bakin ƙofa a Ikoyi, da mai sayar da albasa a Mile 12, da ɗan Sabo a Ibadan, kafar nan ce ke kawo musu labaru ba tare da sun cire ko kwabo ba.

Kuɗi da Juji

A dubi farashi. AirPods mafi araha da aka fitar a 2024 dala 129 ne. A canjin 2025, lokacin da dala ke kai-kawo a wajen naira 1,500, wannan ya haura naira 190,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Kusan albashin wata uku ke nan a kan abin da zai iya zamewa daga kunne ya faɗa kwata. Mun sani akwai masu araha a Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Farm Centre ta Kano, amma su ma sun ninka kuɗin mai waya, kuma cutarsu ɗaya da masu tsadar: batir.

Batirin litiyam yana da adadin cajin da zai ɗauka kafin ya gaji, kuma wanda ke cikin iyafis ɗan ƙanƙane ne, an manne shi da gam. Bayan 'yan shekaru sai ya daina riƙe wuta, kuma ba a canza shi. Masu gyara na iFixit a Amurka, da suka farke AirPods, sun ba shi sifili cikin goma a ma'aunin yiwuwar gyara. Ko yaranmu masu gyaran waya, waɗanda ke tayar da matacciyar na'ura da ɗan ƙarfen dalma, a nan sai su ɗaga hannu. Iyafis mai waya kuwa in ya tsinke a ƙulla, in tsinken ya lalace a yanke a sa wani. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mun san inda wani kaso na sauran ke ƙarewa, domin mun ga kwantenonin da ke sauka a tashar Legas, mun kuma shaƙi hayaƙin jujin da ake ƙona su. Abin dariya, kamfanin da ya cire caja daga kwali a 2020 da sunan kare muhalli, shi ne ya koya wa duniya sayen batura uku da za a jefar.

Gaskiyar Abokan Hamayya

Ba za mu yi musu rowar gaskiya ba. Igiya tana harɗewa a aljihu, tana maƙalewa a ƙofar mota, tana tsinkewa a wuya. Mai aikin hannu da mai motsa jiki da matar da ke girki tana sauraren wa'azi ko labaru, duk sun sami sauƙi da marar waya. A garuruwan da ƙwacen waya ya yi ƙamari, barin ta cikin jaka a amsa kira ta kunne dabara ce. Wasunmu ma da ke wannan rubutu suna da shi, suna kuma jin daɗinsa.

Amma duk wannan bai taɓa maganarmu ba ko da ƙiris. Wayar da ke da kafa ai tana da bulutut. Tun kafin 2016 duk mai son marar waya yana saye yana amfani, ba wanda ya hana shi. Ashe toshewar ba ta ƙara wa mai son bulutut komai ba, illa ta rage wa wanda ba ya so. Da marar waya ya isa ya kori mai waya da kyansa, da an bar su sun kara a kasuwa. Wanda ya tabbata dokinsa zai ci tsere ba ya ɗaure na abokin karawa.

Kammalawa

Har yanzu ba a makara ba. Yawancin wayoyin da talakanmu ke riƙewa, irin su itel da Tecno da Infinix na kamfanin Transsion, da ƙananan samfuran wasu kamfanonin, suna da kafar. Sai dai mun ga yadda abin ke gangarowa daga manyan wayoyi zuwa matsakaita, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kira ga mai saye, kafin ya tambayi yawan kyamara, ya juya waya ya duba gindinta da kanta, in bai ga rami ba ya ajiye ya faɗa wa mai shago dalili, domin ɗan kasuwa ya fi jin maganar kayan da suka kwana. Muna kira ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda doka ta ba ta ikon tantance kowace irin waya kafin a sayar, ta dubi abin da wasu suka yi. Meziko ta wajabta a 2017 cewa wayar da ke da kayan rediyon FM a cikinta kada a kashe shi, Indiya ta yi irin wannan jan kunne a 2023, Tarayyar Turai kuwa ta tilasta wa kowa bakin caja guda daga ƙarshen 2024, har Apple mai jarumta ya sunkuya ya bi. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba ta yi kaɗan ta faɗi irin wayar da za a kawo mata ba. Muna kuma kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da su daina jin kunyar igiya a wuya. Wanda ya dube ka ya ga ƙauyanci, ka tambaye shi nawa ya saya, sau nawa ya saya, kuma ina na baya suke.

Mai son marar waya ya saya, Allah ya sa ya more. Mu dai a bar mana kafarmu.